Tsutsar hanta: abin da nake yi kafin rigakafi ya samu

Ni mahauci ne a Maraɗi. Sau nawa na tsaga hantar bijimi na tarar da tsutsotsi masu faɗi kamar ganye, hanta ta tafi a banza! Masu bincike na gwada rigakafi da sinadarin da tsutsar ke narka nama da shi, amma har yau bai shigo kasuwa ba.

Ɗan'uwa makiyayi, daga jikin katantanwar ruwa tsutsar take fitowa ta manne wa ciyawa. In ruwan Gulbi ko tafkin Madarumfa ya janye, hana bisashe kiwon bakin taɓo, ka shayar da su a rijiya. Bayan damina nemi likitan dabbobi ya ba su maganin tsutsar hanta triclabendazole gwargwadon nauyinsu.

Ganyen fadama kuwa, a dafa shi, don mutum ma tana kama shi.