Yadda za ku haɗa ƙaramin kwamiti a unguwarku kafin duka ya kai ga gawa

Wata ranar Talata bayan la'asar wata ɗalibata a islamiyyar matan aure ta shigo aji ta naɗe wuyanta da gyale a cikin hijabi, ga zafin Kano na watan Afrilu, nace ta kawo hadda amma muryar bata fita sai wani shaƙe-shaƙe kamar mai mura. Da aka tashi na riƙe ta nace ƙanwata zo mana, lafiya kuwa? Sai ta ɗaga gyalen. Shatin yatsu huɗu a gefe ɗaya, babban yatsa a ɗaya gefen, farin idonta na hagu ya yi jawur. Sau uku tana yaji, duk ukun Ummanta ce ta rako ta da ƙafarta har ƙofar ɗaki, wai ki yi haƙuri aure ibada ne, mu ma da haka muka zauna. Wallahi ranar ban yi barci ba, kuma daga nan ne mu bakwai muka fara abin da zan bayyana muku, dan duk unguwar da ke so za ta iya, ba sai da ofis ko tallafin turawa ba.

Abin da ya kamata ku fara sawa a ranku shine kisa baya faɗowa daga sama, yana aiko da goron gayyata. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 mata da 'yan mata kusan 51,100 ne suka mutu a hannun miji ko saurayi ko wani ɗan uwa na cikin gida, kenan kamar mace 140 kullum, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawa. Mu nan Kano ba sai an bamu labari ba, kowa ya tuna Ummita da aka caka wa wuƙa a Janbulo a watan Satumba 2022, a cikin gidansu fa, wanda ya yi ba ɓarawo bane mutumin da suka yi soyayya ne, sai a watan Maris 2024 kotu ta yanke masa hukuncin rataya. Wata farfesa a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Jacquelyn Campbell, ita da abokan aikinta sun shafe shekaru suna bin labarin matan da aka kashe suna tambayar me ya faru kafin ranar, sai ga abubuwa iri ɗaya suna ta maimaituwa: ya taɓa shaƙe ta, ya taɓa furta cewa sai na kashe ki, ya taɓa zare mata makami, kishi mai tsanani da bincike mata waya da hana ta zuwa ko'ina, duka tana da ciki, shaye-shaye, sannan lokacin da ya fi kowanne haɗari shine sanda ta ce ta gaji za ta tafi. Shaƙe wuya kaɗai binciken ya nuna yana ninka haɗarin kisa kusan sau bakwai. Toh ku haddace waɗannan kamar karatun allo, duk macen da ta zo da ɗaya daga ciki ba maganar a zauna a sasanta bace tukuna, maganar ina za ta kwana yau ce.

Wajen zaɓar mutane kar ku tara jama'a, biyar zuwa bakwai sun isa. Ku samu dattijuwa wadda ake jin kunyarta, wadda in ta yi sallama a gida maigidan zai sauke murya. Ku samu malamar asibiti ko ungozoma ko da mai kyamis ce, malama daga islamiyya, matashi ɗaya mai hankali da ke da adaidaita ko mota kuma yana ɗaga waya ƙarfe biyun dare, da wani ɗalibi ko ɗaliba daga jami'a mai iya rubutu. Liman da mai unguwa ba dole su zama 'yan kwamiti ba amma dole su san da ku tun ranar farko. Mu da muka je wajen mai unguwa dattijuwarmu ce ta yi magana, ta ce ranka ya daɗe ba raba aure muka zo yi ba, so muke kar a fitar da gawa daga unguwarka, ya yi shiru can ya ce Hajiya ku je ina bayanku. Amma abu ɗaya: mai surutu ko 'yar uwarku ce uwa ɗaya uba ɗaya kar ta shiga. Magana ɗaya ta fita zuwa gidan biki shikenan babu macen da za ta sake buɗe muku baki.

In mace ta zo, ku fara da saurare, banda me kika yi masa. Wannan tambayar ita ke mayar da mata ɗaki da bakinsu a rufe. Ku tambaye ta me take so, dan wata bata shirya fita ba, tana tunanin yara da inda za ta ci abinci, kuma in kuka tilasta mata gobe za ta koma ta daina gaya muku komai. Wadda ta zaɓi zama sai ku shirya da ita: kayan sawa kala biyu da katin asibiti da katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara da 'yan kuɗin mota a ajiye gidan maƙwabciya, lambar mutum biyu ta haddace a ka ko da an ƙwace wayar, in rigima ta tashi ta guji kicin saboda wuƙa da ruwan zafi ta yi kusa da ƙofa, sannan a yi wata alama da maƙwabta, mu tamu ita ce ta aiko yaro ya ce Umma ta ce a bata aron rariya. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma gaskiya ku je caji ofis ɗin yankinku tun babu abin da ya faru ku gaisa da DPO ku karɓi lambar da ake ɗagawa.

Maganar asibiti nan ne aka fi yin asara dan Allah ku kula. In fyaɗe ne kar a yi wanka, kar a wanke kayan, a sa su a jakar takarda ba leda ba, a tafi. Akwai cibiyar Waraka a cikin asibitin Murtala, aikinta kenan, suna dubawa kyauta su bada magani su rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma kwana 5 ne iyakarsa kuma da wuri ya fi aiki, kinga kenan kwana ukun da dangi ke ɓatawa suna taron a rufa asiri sune kwanakin da yarinyar ta fi buƙata. Wadda aka shaƙe ma a kai ta ko da ta ce ta warware, dan maƙogwaro na iya kumbura daga baya. Ku ɗau hoton raunin da izininta, da kwanan wata, ku ajiye katin asibiti da rasit, saƙonnin barazana na WhatsApp a yi musu sikirinshot a tura wa mutum ɗaya amintacce kafin ya karɓe wayar ya goge.

Daga nan sai inda za a kai ƙara. Hisbah suna karɓar rikicin aure kullum kuma suna iya kiran miji ya zo, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kano, akwai Legal Aid Council ga wanda bashi da kuɗin lauya, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Kar ku bari ta tafi ita kaɗai, mutum biyu su raka ta, ɗaya ya riƙe biro ya rubuta wa aka gani da ranar da aka ce a dawo. Kuma ku sani a mazhabarmu ta Malikiyya in an tabbatar da cutarwa alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta biya kuɗin khul'i ba, mata da yawa basu san wannan ba sai su je su sayar da gado da kujeru su fanshi kansu daga wanda ya karya musu hannu. Shi yasa shaida ke da muhimmanci, maƙwabcin da ya ji ihu ta katanga ya daure ya je ya faɗa.

Sulhu ba laifi bane, Alƙur'ani ma ya ce a tashi mai sasantawa daga danginsa da danginta a Suratun Nisa'i aya ta 35. Abin da muka ƙi shine sulhun da ake yi a zaure ita tana cikin gida, a fito a ce mata an gama ɗauko mayafinki. In za a yi, tana wajen, a rubuta sharuɗɗa, waliyyai su sa hannu, a sa ranar da dattijuwa za ta leƙa, bayan sati ɗaya da bayan wata ɗaya. Fyaɗe kuwa da cin zarafin yara babu sulhu sam, duk wanda ya kawo muku kuɗi ko ya ce ku duba girman gidansu ku ce masa magana ta wuce hannunku.

Yanzu ga inda 'yan boko ke shigowa, kuma ni a ganina nan ne muka fi sakaci. Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowace matsala a rubuta ba suna ba adireshi, lamba kawai, shekarunta, wanene ya yi, wane irin rauni, sau nawa, ina aka kai, me ya biyo baya. A Meziko wata injiniya María Salguero ita kaɗai ta fara a 2016 tana tsinto labarin matan da aka kashe daga jaridu tana sawa a taswira, har ta kai 'yan jarida da jami'ai na komawa wajenta neman adadi. Mu ma ɗalibi ɗaya da ke sauraron Inda Ranka a Freedom Radio yana rubuta duk irin wannan labarin da kwanan wata, in ya shekara ya tara abin da za a iya ɗorawa a teburin ɗan majalisa. Sarki Muhammadu Sanusi II da ya yi magana a taron da aka yi a BUK a Disamba 2024, mutane sun tsaya kan maganarsa cewa yana gaya wa 'ya'yansa mata in miji ya mare su su rama, amma abin da ya bawa maganarsa nauyi shine ya ce sun bi fayil ɗin kotunan shari'ar Musulunci tara na tsawon shekara biyar, ba ji-ta-ji-ta ba. Toh BUK na da cibiyar nazarin jinsi, ga cibiyarta ta nazarin dimokuraɗiyya Mambayya House a Gwammaja, ga sassan shari'a da nazarin zamantakewa cike da 'yan aji huɗu masu neman abin da za su yi furojet a kai. Ku rubuta takarda shafi ɗaya ku kai, ku ce ga abin da muke gani a unguwarmu ku zo ku taya mu fahimta.

Amma ku kafa musu sharaɗi, dan mun taɓa ƙonewa. Wasu masu bincike sun zo sun tara mata a aji ɗaya suna tambayar wa mijinta ke duka ta ɗaga hannu, ga kishiyoyi ga dangin miji a zaune, suka ɗau hotuna suka tafi bamu sake jin ɗuriyarsu ba, mu aka bari da kashe wutar. Yanzu duk mai zuwa sai ya nuna takardar izini daga makarantarsa, mace ce za ta tambayi mace su biyu a keɓe, ba hoto ba suna, wadda ta fashe da kuka a san inda za a kai ta, kuma in an gama a dawo a faɗa mana sakamakon da Hausa a tsakar islamiyya.

Ɗaliban lauya kuma su fassara mana doka. Dokar VAPP ta hana cin zarafi tun 2015 aka sa mata hannu a Abuja, jihohi suka yi ta karɓa Kano ta daɗe tana jan ƙafa, sannan tsohuwar Pinal Kod ta Arewa a sashe na 55 ta bar ƙofar wai miji ya ladabtar da mata in dai bai yi mummunan rauni ba. Wannan sai da matsin lamba, kuma matsin da ke ɗauke da adadi ya fi na ihu.

Maza kuwa a wajen maza za su ji. Ku roƙi liman, Allah gafarta malam a taɓa mana wannan a huɗuba ko bayan magariba, ko hadisin Nana A'isha kaɗai ya karanta cewa Annabi SAW bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba duk shekara ana kwanaki 16 na gangamin yaƙi da cin zarafin mata a duniya, lokacin rediyo ke neman masu magana, ku tura matashinku ya yi, kuma ya kai zancen majalisar mai shayi da gidan ƙwallo inda ake tsokanar wanda baya tsawa a gida da mijin tace.

Kuɗi kaɗan ake buƙata amma kar a rasa. Mu adashi muke zubawa duk Juma'a, kuɗin na hannun malamar asibiti, na mota ne da kati da abincin kwana biyu, kuma akwai ɗaki ɗaya a gidan dattijuwarmu da katifa da makulli biyu wanda mu uku kaɗai muka san na menene. Ɗalibar tawa kwana 9 ta yi a ciki kafin kawunta ya zo daga Wudil ya tsaya mata a kotu, yanzu tana ɗinki a gidansu, kuma ita ke riƙe da makulli na biyun.