Yadda na gyara matsalar masu shanye mana data a Wi-Fi ɗin gida

Datar wata guda tana ƙarewa cikin kwana 12, da daddare kuma intanet sai jan ƙafa. Da farko na zargi kamfanin layi, na kuma hana wayoyi sabunta manhajoji da kansu, amma ba abin da ya canza. Na sauya kalmar sirri, bayan kwana uku matsalar ta dawo.

Sai na haɗa waya da rautar (na'urar da ke ba da Wi-Fi ɗin), na rubuta 192.168.8.1 a burauza (wasu 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, yana jikin takardar da ke manne ƙarƙashinta). A jerin na'urorin da ke haɗe na ga 11, alhali namu 6 ne. Na riƙa kashe Wi-Fi a wayoyin gida ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta lambar MAC (lambar shaidar kowace na'ura) da ta ɓace daga jerin.

Ashe ta lambar QR ake raba kalmar sirrin: daga Android 10, duk wanda ke ciki zai iya nuna wa wani ya ɗauka. Toshe baƙi ɗaya-ɗaya bai wadatar ba, tunda wayoyin zamani suna iya sauya lambar MAC.

Abin da ya yi maganin matsalar shi ne matatar MAC, wato tsarin da ke shafin rautar mai tace na'urorin da za su shiga. Na saita kowace wayar gida ta yi amfani da lambarta ta asali a kan wannan Wi-Fi, na shigar da lambobin shidan a matatar, na zaɓi a bar su kaɗai su shiga. Fara sa wayar da ke hannunka, in ba haka ba za ka kulle kanka a waje. Daga nan na kashe WPS (hanyar haɗawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba), na bar tsaro a WPA2 (nau'in makullin Wi-Fi), na canza kalmar sirrin shafin rautar daga admin.

Alhamdulillah, yau mako uku, na'urori 6 cif.