Yadda Ake Gano Ramukan da Ke Girma Cikin Alminiyam Idan An Ja Shi

Alminiyam ba ya tsinkewa farat ɗaya. Kafin ya rabu biyu, ƙananan ramuka sun riga sun cinye cikinsa.

A samo sandar alminiyam nau'in 6061-T6, a gyara ta a kan ma'aunin ASTM E8, wato ƙa'idar gwajin jan ƙarafa: kauri milimita 12.5, tsawon sashen da za a auna milimita 50. A ɗaura a injin ja, a ja a hankali. Wajen megafaskal 275 (ma'aunin ƙarfin ja a kan faɗin sandar) za ta fara miƙewar da ba ta komawa, ƙarfinta ya ƙure kusa da 310. Da zarar tsakiyarta ta fara tsukewa kamar wuyan kwalba, a tsayar da injin.

A nan aikin yake. Cikin alminiyam akwai ƙwayoyi masu tauri na ƙarfe da silikon, waɗanda ba sa miƙewa tare da shi. Ko su tsage, ko su ɓalle daga jikinsa, sai rami ya buɗe. A tsakiyar wuyan ana jan ramin ta kowane ɓangare, shi ya sa yake kumbura da sauri, kamar yadda lissafin masu bincike Rice da Tracey na 1969 ya nuna. Daga nan ramukan su haɗe su zama tsaga.

A tsaga sandar ta tsawonta, a goge da takardar yashi har lamba 1200, sannan man lu'ulu'u na maikiron 3 da 1 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Kada a danna da ƙarfi: alminiyam na da laushi, yakan shafe bakin ramukan, idan an zo duba su a madubin ƙara girma sai ya nuna kamar babu komai.