Kafin ka sayi tsohon teburin sinuka

Jama'a, mai niyyar sayen teburin sinuka na hannu, kada koren ƙyalle ya ruɗe shi. Ƙyalle shi ne abu mafi sauƙin canzawa. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. In shimfiɗar dutsen sileti ce, ka samu kaya, don dutse ba ya lanƙwasa ko ya shekara 40. In kuwa matsattsen garin katako ne, da ya sha laima sai ya kumbura, kuma ba shi da gyara. Ni dai ko kyauta ba na so.

Sai robar gefe. Danna ta da yatsa ko'ina, ka kuma buga ƙwallo da ƙarfi. In ta dawo a mace, robar ta bushe, sai sabuwa. Cire kuɗinta daga ciniki.

Wajen ɗauka ake yawan ɓarna. Dutsen yawanci gida 3 ne, kaurinsa kusan inci 1, tebur mai ƙafa 8 kuma kan kai kilo 300. Kada a ciccibe shi ɗungurungum, dutsen zai iya tsagewa. A kwance shi, a sa wa kowane yanki alama. In an haɗa, a daidaita da ma'aunin magina, a cike mahaɗar dutsen da kakin zuma, sannan a ja sabon ƙyalle ya yi tsam.

Af, auna ɗakin tukuna. Tsawon sandar buga ƙwallo ya kusa mita ɗaya da rabi, kuma kowane gefe yana buƙatar wannan filin.