Yaron da tufafi ke damun fatarsa: kurakuran da ake yi wajen yi masa kaya

Akwai yaran da fatarsu ke jin abin da tamu ba ta ji. Ɗan zare guda da ya tsaya a hammata sai ya yi ta sukarsu kamar ƙaya wuni zubur. An fi ganin haka a yara masu larurar galahanga, wato autism, amma ba su kaɗai ba ne. Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a ɗauki kukan a matsayin shagwaɓa, a yi ta tsawa, wani lokaci har da duka. Ɗan shekara 3 bai iya cewa wuyan riga na damunsa ba, fizge ta kawai zai yi ya hau birgima.

Mu iyaye da ido muke sayen kaya. A Kantin Kwari sai mu tsaya kan launi da sheƙi, alhali cikin rigar ne ke taɓa jikin yaro. Ku juya ta ciki waje, ku goga a cikin damtsenku, inda fata ta fi laushi. Bayan aikin da ake yi wa wuyan kaftani ya fi komai kaushi, don nan zaren ke dunƙulewa. Ku ce wa tela ya rufe shi da shafi na auduga, ya kwantar da bakin ɗinkin, kada ya bar shi tsaye. Leshi ba shafi kuwa, ku haƙura da shi.

Sai kayan sallah. Shadda ta sha sitaci da bugu, an turara ta, kuma ranar Idi da safe yaro zai fara saka ta, ga zafi ga cunkoso. Ku wanke ta tun ana saura mako, sau biyu in ta kama, ku ɗauraye sabulun sosai, ya gwada ta a gida na ɗan lokaci. Sheƙin zai ragu, amma zai yarda ya saka. Turaren ma a sassauta, wasunsu ƙamshi ne ke hana su sakat.

Ƙyallen sunan kamfani da ke bayan wuya, idan aka yanke shi da almakashi, guntun da ya rage ya fi kaifi. A warware zarensa a cire shi ɗungurungum.

Kada kuma a ce kowane irin yaron nan burmemen kaya yake so. Wani riga mai kama jiki ce ke kwantar masa da hankali. Ku lura da wadda yake ɗaukowa da kansa kullum, ku nemo irinta biyu ko uku. Kayan gwanjo na auduga sukan dace, don sun sha wanki sun yi laushi, amma a sake wanke su kafin ya saka.

In kuka ga kuraje, ko fata ta yi ja, ko yana susa har da dare bayan an cire kayan, a kai shi likita ya duba.