Idan Tsirkiyar Jitar Bes Ta Dushe

Kafin ka kashe kuɗi wajen sayen sababbin tsirkiyoyi, sai ka zare jitar daga amfilifaya, ka kaɗa kowace tsirkiya ita kaɗai kana kasa kunne kusa da katakon. Idan amon ya fito tangaran a haka, laifin na ɓangaren wuta ne: ko batirin bolt 9 ya yi sanyi a jita mai batiri, ko an murɗa maɓallin kaifin sauti ƙasa, ko kuma maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ya matso kusa har yana riƙe tsirkiyar, wanda sukudireba kaɗai ta isa ta sauke shi.

Idan duka tsirkiyoyin huɗu suka dushe tare, galibi dauɗa ce, domin tsirkiyar bes waya ce da aka naɗe da wata wayar, gumi da maiƙon hannu kuma suna shiga tsakanin naɗin su daskare. Wasu makaɗa suna tafasa su minti 10 zuwa 15 su shanya. Ni dai na fi son a jiƙa su cikin sifirit kwana guda, saboda ruwa yana jawo tsatsa. Ko ta wace hanya aka bi, amon da ya dawo ba ya daɗewa. Akwai ma masu son dushewar, kamar marigayi James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin waƙoƙi na Motown a Amurka, wanda yakan yi shekaru bai sauya tsirkiyoyinsa ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne sabuwar tsirkiya, musamman mai kaurin da ake kira E, ta fito a mace. Sau da yawa wajen ɗaurawa aka murɗe ta. Ka sassauta ta har ɗan ƙarfen da ke gindinta ya juya ta warware, ka sake ɗaurewa yadda naɗin zai riƙa gangarowa ƙasa a jikin maɗaurin, sannan ka danna ta da babban yatsa daidai gaban jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a gindin jitar, don ta zauna daram. Idan kuwa an yanke ta ba tare da an fara lanƙwasa bakin ba, naɗin yana iya sulluɓewa daga wayar ciki, wannan kam sai dai sauyi.

Wani lokaci kuma sauti ɗaya ne yake mutuwa a wuri ɗaya, kamar tsakanin gaɓa ta 5 da ta 7 na wuyan jitar a siririyar tsirkiyar da ake kira G ta jitocin samfurin kamfanin Fender. A nan wuyan jitar ne yake shanye girgizar, don haka sabuwar tsirkiya ba za ta yi magani ba, amma maƙala ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarshen wuyan jitar, wajen maɗauran tsirkiyoyi, yakan matsar da wurin zuwa wata gaɓar.