Karin kumallo da rage ƙiba: kurakuran da na gaji da gani

Da wuya mako ya wuce wata ba ta tare ni ba, ko a makarantar da nake koyarwa ko a gidan suna, ta ce: "Malama, don Allah yaya kika yi kika zube haka?" Kafin in buɗe baki sai ta ƙara da cewa ai ita ma ta fara, yau kwana goma ke nan ba ta karyawa. Duk lokacin da na ji haka sai raina ya ɓaci, domin na san inda hanyar take ɓullewa. Na bi ta wata takwas cur.

Bayan na yaye ɗana na huɗu ne na yanke shawarar daina karin kumallo. A lissafina, sau uku ake ci a rana, idan na cire ɗaya dole jiki ya ragu. Ƙarfe bakwai nake fita da ruwa kawai a cikina. Zuwa sha ɗaya kaina ya fara sarawa, hannuna yana rawa, ɗan ƙaramin surutu sai in daka wa yara tsawa. Ana buga ƙararrawar fita hutu sai in aika a sayo min fanke da soyayyar awara da lemon kwalba, kuma ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin abinci ba, ɗan taɓa baki ne a wurina. In dawo gida wajen biyu da rabi in cika faranti da shinkafa. Bayan isha'i in ci tuwo malmala biyu, wani lokaci uku, in kwanta a kai. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ina rage ƙiba, ai ba na karyawa. Ranar da na hau sikeli bayan wata takwas, kilo huɗu na ƙara. Na zauna a bakin gado na yi kuka, domin wahalar da na sha ta gaske ce, kuma yaran mutane sun sha faɗan da ba su ci ba su sha ba.

Ba ina cewa karin kumallo yana narka kitse ba ne. Masu cewa wai yana tayar da injin jiki ya yi ta ƙona mai har dare, sun yi ƙari. A 2019 masu bincike a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya sun tattara gwaje-gwaje 13, suka ga masu karyawa ba su fi marasa karyawa raguwa ba, hasali ma sukan ɗara su cin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 260 a rana. Abin da ya fi kama hankalina shi ne gwajin da aka yi a Jami'ar Aberdeen a 2022. Mutum 30 aka ba abinci daidai wa daida, wani lokaci mafi yawansa da safe, wani lokaci mafi yawansa da dare. Nauyin da suka rage ɗaya ne, amma lokacin da suke cin mai yawa da safe yunwa ba ta addabarsu da rana. Amfanin ke nan a wurina: kalaci yana riƙe miki linzamin yunwa don kada ta ja ki ta kayar da daddare. Idan ke mai iya wucewa ba karyawa ce, kuma ki ci na rana da na dare a natse, ba ni da ja. Sai dai cikin duk waɗanda suka zo wurina, ban ga mai irin wannan cikin ba sai ɗaya. Ku duba azumi ma. Wuni guda ba ci ba sha, amma mutum nawa muka sani da suke fita Ramadan kayan sallarsu sun matse su, saboda abin da ake jibgawa tsakanin magariba da sahur?

Kuskure na biyu shi ma ya ci min wata huɗu, kuma shi ne ya fi ba ni haushi idan na gani. Da na gane rashin karyawa ba ya yi, sai na koma shayi da burodi, ina ganin ai abu ne marar nauyi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ki tsaya ki ƙirga abin da ke shiga kofin nan: sukari cokali huɗu, madarar gwangwani mai zaƙi, garin cakuleti wanda shi kansa cike yake da sukari, sannan rabin burodi da aka lafta wa bota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya kai kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ma da hali a tsaya a shida. Kofi ɗaya ya kusa cinye miki kason yini tun rana ba ta ɗaga ba. Abin takaicin kuma, ƙarfe goma cikinki ya sake kira, domin farar fulawa da sukari ba sa zama.

Ku kuma maza, ina ganinku a teburin mai shayi idan zan wuce da safe. A soya ƙwai uku yana iyo a cikin mai, a haɗa da taliyar leda biyu, a kawo shayi mai kauri, sannan mutum ya shafa tumbi ya ce shi fa bai san abin da ke sa shi ƙiba ba, tunda ba ya cin abinci sosai. Haba malam! Babban cokalin man gyaɗa ɗaya kalori kusan 120 ne, ka taɓa lura da nawa ake tsiyayawa a kaskon?

Koko ma sai an yi hattara. An tace gero an zubar da dusarsa, an zuba sukari, ga shi ruwa-ruwa, shi ya sa yake wucewa da sauri. Ƙosai ba laifin wake ba ne, wake abin kirki ne, man suyar ne matsalar. Ban daina ko ɗaya ba. Koko kofi ɗaya nake sha ba sukari, da ƙosai huɗu da nake shimfiɗawa a kan takarda ta tsotse mai, sau biyu a mako. Sauran ranakun, alale ko dafaffen ƙwai biyu, ko kindirmo da 'yar fura ba sukari, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ranar Asabar ɗumame malmala ɗaya da miyar kuka, kuma babu wanda zai sa in yarda ɗumame abokin gaba ne, yawansa ne kawai. Ƙa'idata ita ce dole a sami abu mai gina jiki a farantin safe, wake ko ƙwai ko nono ko gyaɗa, domin su ne suke kai ni azahar lafiya. Sukari kuwa ban yanke shi dare ɗaya ba, rabin cokali na riƙa ragewa duk mako har harshena ya saba. Alalen da daddare nake dafa shi, don na san kaina, idan na bari sai safiya ba zan yi ba.

Ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe ruwa ne mai daɗi, amma ba ya wanke kitse. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa, da yawansa filasko ne a ciki, gudawa yake sawa, ruwan jikinki ne yake tafiya, kwana biyu ya dawo. Lemon kwali ba 'ya'yan itace ba ne, gara ki ɓare lemo ki ci da tsakinsa. Ragowar abincin yara da muke lasawa a tsaye don kada a yi asara, shi ma ciki yake shiga, ki rufe shi ki ajiye. Hawa sikeli kullum yana karya zuciya, sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin a ci komai.

Akwai kuma waɗanda ba na ko sauraron gardamarsu a kan wannan. Mai ciki da mai shayarwa, ba yanzu ne lokacin barin kalaci ba. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da sukari, idan ya sha magani ya fita bai ci komai ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya yanke jiki a hanya. Wata 'yar uwarmu a bakin kasuwa aka tsince ta saboda haka, tana gumi tana karkarwa, sai da aka ɗura mata ruwan sukari ta dawo hayyacinta. Irin waɗannan, kafin su taɓa lokacin cin abincinsu, su fara zuwa wurin likitan da ya rubuta musu maganin.